Na'urar auna hawa ta kan keke: da hunturu ta burge ni, da damina ta kunyata ni

Tun da na ɗaura wannan 'yar na'ura a kan kekena ake ta tambayata ko ta ci kuɗinta. Ba zancen farashi zan yi ba, abin da na gani kawai zan faɗa.

Gardama ce ta sa na saye ta. Mu da muke fita atisaye da asubar Asabar daga wajen Murtala Square, bakinmu bai taɓa zuwa ɗaya ba a kan ko Kaduna tana da hawa. Waɗanda suka taɓa tuƙa keke a Jos cewa suke garinmu faranti ne, mu bar zancen. Suna da hujjarsu, don Jos ta haura mita 1,200 sama da teku, mu kuwa muna wajen 600. Sai dai tsayin gari daban, hawan da ƙafarka take yi daban. Duk wanda ya bi titin Yakowa ya ƙetare kogi ya nufi Kamazou ya juyo, cinyarsa ta ba shi labari. Hanya takan gangara wajen kogi da kowane ɗan rafi, ta sake ɗagawa a hankali. Babu wanda ya isa a kira shi dutse, amma in aka tara su ba kaɗan ba ne.

Lissafin da masu harkar keke suke yi mai sauƙi ne. Ka tara duk mitocin da ka hau, ban da gangara, ka raba da kilomitan da ka ci. In ya kai mita 10 a kowace kilomita, wato 1,000 a tafiyar kilomita 100, sai a ce hanyar mai tudu ce. In bai kai 5 ba, shimfiɗaɗɗiya ce. Akwai kuma tsinin hawan, in aka ce kashi 5 cikin 100, to duk mita 100 da ka yi gaba ka ɗaga sama mita 5.

Da hunturu na fara amfani da ita, kuma wallahi ta faranta mini. Hanyoyin da muka saba bi duk tsakanin waɗannan ma'aunai biyu suka faɗo, ba faranti ba, ba Jos ba. Hanya ɗaya in na maimaita ta, abin da za ta rubuta kusan iri ɗaya ne, kuma wannan ne ya sa na yarda da ita. Ta nuna mini wuraren da nake haki ina zaton iska ce ke tare ni, ashe kwaltar ce ke ɗagawa ido bai gani. Tana da ɗan nawa wajen nuna tsini, sai ka kusa kai ƙoli a gadar Kawo kafin lambar ta motsa, amma ban ɗauki wannan a bakin komai ba. Har mutum biyu na tura suka saya.

Sai damina ta faɗi. Wata Asabar cikin Agusta muna kan hanyar dawowa hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Kafin mu kai gada ruwa ya tsuge, muka fake a rumfar wani mai faci. Na jingina keken a jikin turken rumfar, ruwan kwano yana ɗiga daidai kan na'urar. Ina tsaye, ƙafata biyu a ƙasa, ina kallon lambar tsayi tana hawa, ta sauko, ta sake hawa, jimillar hawa kuma tana ta ƙaruwa. Keke bai motsa ko taku ɗaya ba! Da muka iso gida na ɗora tafiyar a Strava, manhajar da 'yan keke ke ajiye bayanan tafiyarsu, sai ga hawana ya kusa ninka na wanda muka jera da shi kafaɗa da kafaɗa sau uku.

Abin da ya ƙona mini rai shi ne a wannan watan muna gasar tara hawa a tsakaninmu. Kafin azahar zauren WhatsApp ɗinmu ya ɗauka, wasu na cewa na yi coge. Ni da na fi kowa kare na'urar nan, ni ake wa kallon mai ha'inci. Har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Wani dattijo a cikinmu, tsohon safiyo, shi ya kira ni. Ya ce, "Ɗana, juya ta ka duba bayanta." Na ce, "Baba, ƙananan huji na gani." Ya ce ta nan take shaƙar iska, don da nauyin iska take gane tsayi, ba da tauraron ɗan'adam kaɗai ba. Duk mita 8 zuwa 9 da ka ɗaga, nauyin iska yakan ragu da miliba 1, wato ma'aunin nauyin iska. Hadari in ya taso yana sauya nauyin iskar, ruwa kuma in ya toshe hujin sai ta rikice gaba ɗaya, ta riƙa ƙirga hawan da ba a yi ba. Shi ya shiga zauren ya wanke ni, Allah ya saka masa. Ya kuma nuna mini inda ake sa Strava ta gyara tsayin da taswirarta, da na yi haka lambar ta dawo kusa da ta sauran.

Na koma wajen mai shagon, don shi ya ce mini ba ta tsoron ruwa. Amsarsa ita ce, "Yallaɓai, ai duk haka suke, tunda ba ta mutu ba." To ni ba don kada ta mutu na saye ta ba, don ta auna hawa na saya. Kuma ba duk haka suke ba. Ta abokina ruwa ɗaya ya doke su da tawa, amma ba ta rikice ba, don hujinta a ɓoye yake, tana kuma bari ka saita mata tsayin wurin da za ka tashi. Tawa ba ta da wannan, mai shagon bai faɗa mini ba, ko canji ya ƙi.

Da na zauna na yi tunani, har nawar nan da na yafe mata sai ta dawo tana ba ni haushi, don gajerun hawa irin namu kafin ta farga an wuce su. Kaduna ruwa yake sauka tun daga Afrilu ko Mayu har Oktoba, kusan rabin shekara ke nan da ba zan ɗora tafiya ba sai na bi ta gyara.

Wanda ya riga ya saya, ya riƙa goge hujin da burushi mai laushi saboda ƙurar hunturu, kada ya zura allura. Wanda bai saya ba ya juya bayanta a shagon ya ga inda hujin yake, ya tambaya ko ana saita tsayi da hannu. Ni dai ba zan ƙara tura kowa ya sayi wannan samfurin ba.