Wajen balangun Baba da 'ya'yansa a bayan layinmu

Jama'a in kuna Kano kuma kuna son nama na gaske, akwai wani ɗan waje a unguwarmu ta Fagge, ko allon suna babu, dattijo ne da 'ya'yansa, shi yana kan tukuba, babban ɗan yana yanka, ƙaramin kuma yana karɓar kuɗi da POS, gurasar ma daga cikin gida matan suke aikowa.

Balangunsu na rago ne, gashin garwashi a hankali ba wuta mai ci ba, kitsen ya narke ya shiga tsokar, gishiri da magi kawai sai yaji a gefe. Ni dai nan suka kama ni wallahi. Tsiren ma ba laifi, ƙuli ya kama tsinken sosai kuma suna yayyafa man gyaɗa suna juyawa, ba irin na wasu wuraren da za a busar maka da shi kamar kilishi ba. Wani abokina da ya yi karatu a Sudan ya ce agashe, wato tsiren can, ma haka yake, ai daga wajen Hausawa suka samo shi, har sunan.

Kilishi kam ba nasu bane, sarowa suke, gara ka wuce unguwar Agadasawa wajen masu yin sa.

Matsalar kawai jira, bayan isha'i layi ne sosai, bencin ma guda ɗaya, kuma Baba baya son a gaggauta shi, sai ya ce maka "yaro nama baya son sauri". Ku je bayan magariba, ku ce a sa muku haƙarƙari.