Aikin leza a kan ƙarfen gilashi: siraran sun fito, mai kaurin ya tsage

Na ba wani kamfani da ke buga kayan ƙarfe da leza (wato leza tana narkar da garin ƙarfe hawa-hawa har kayan su ginu) aikin wasu ƙananan sifirin da gindin da za a kafa su a kai. Na zaɓi ƙarfen gilashi na zirkoniyom da jan ƙarfe da alminiyom saboda yakan miƙe har kusan kashi 2 cikin 100 ya dawo daidai, abin da baƙin ƙarfe ba ya yi.

Sirrin wannan ƙarfe shi ne ƙwayoyin zarrarsa ba su jeru sahu-sahu ba, an daskarar da shi kafin su samu damar jeruwa. Wanda Pol Duwez ya fara yi a Caltech a 1960, na zinariya da silikon, sai da aka sanyaya shi da saurin digiri kusan miliyan a daƙiƙa guda. Leza kuwa ta dace da wannan, domin ɗan wurin da ta narkar nan take yake hucewa.

Siraran sifirin sun fito sumul. Rahoton gwajin eksire da suka haɗo mini ya nuna tudu ɗaya mai faɗi, alamar babu kiristal, wato inda zarra suka jeru sahu-sahu. Wannan rahoto kaɗai ya sa na yaba musu, don ba kowa ke bayarwa ba sai an roƙa.

Gindin ne ya ba ni haushi. Ina ɗaure shi da kusoshi ya tsage. Ba inda leza ta narkar ne matsalar take ba, gefensa ne. Duk hawan garin ƙarfe da aka narkar yana sake ɗumama na ƙasa, bai kai ya narke ba, amma ya kai zafin da zarra ke motsi su jeru. A abu mai kauri zafin taruwa yake yi, kiristal ya tsiro, wurin ya yi gautsi. In an rage ƙarfin leza kuma sai a bar ramuka a ciki. Ga oksijin, ko kaɗan ne a garin zirkoniyom, yana gaggauta fitowar kiristal.

Injiniyarsu ba ta yi musu ba. Ta ce za su sake bugawa, su ƙara jira tsakanin hawa da hawa. Da sun gargaɗe ni tun da suka ga zanen, da ya fi. Zan koma musu da siraran kaya, mai kauri kuwa sai sun fara buga samfur an gwada tsakiyarsa.