Awarar wata baiwar Allah a Ali Ɗan Sofo

Jama'a duk wanda ke Maradi ya gwada awarar matar nan da ke zama bakin titi a unguwar Ali Ɗan Sofo bayan la'asar. Wallahi awararta daban ce, laushi gare ta, ba warin ɗanyen wake don tana dafa madarar sosai kafin ta zuba ruwan tsami, ba ta sa alif. Ta dala ashirin da kabeji da yaji ta riƙe ka har dare.

Waken suya akwai furotin sosai kuma ba kolestarol (kitsen nan mai taruwa a jijiyoyin jini) a cikinsa, ga mai iyali da nama ya yi wa tsada taimako ne babba. Masu cewa wai yana rage ƙarfin namiji ku bar wannan zance, binciken likitoci bai nuna haka ba.

Abin da ke damuna shi ne man suya, wani lokaci sai ka ga ya yi baƙi an maimaita shi, ga magi da gishiri da yawa cikin yajin, mai hawan jini ya yi hattara. Na ce mata Hajiya a riƙa canza mai don Allah, ta ce tsada. Ni yanzu marar suya nake saye in sa a miya.