EnvDTE ko Roslyn: wanne za ka ɗauka don ciro sharhin bayanin aji a C#?

Idan kana son manhajarka ta karanto sharhin nan mai layi uku, ///, da ake rubutawa a saman aji (class), hanyoyi huɗu ne a gabanka: EnvDTE na Visual Studio, Roslyn, fayil ɗin XML da ake fitarwa lokacin harhaɗa kod, sai kuma tsintar rubutu da Regex, wato neman rubutu ta hanyar tsarin haruffa. Ma'aunin da ya fi komai muhimmanci shi ne: hanyar za ta yi aiki ba tare da mutum yana zaune gaban allo ba? Kuma idan ta gaza, za ta faɗa maka, ko za ta miƙo maka fanko ta yi shiru?

EnvDTE, hanyar sarrafa Visual Studio ta kod, shi ne tsohon hannu. Za ka kama ProjectItem, ka shiga FileCodeModel.CodeElements, ka bi Members na kowane namespace har ka iske abin da Kind ɗinsa vsCMElementClass ne, sannan ka karanta DocComment. Kula da kyau, Comment daban ne, shi sharhi na gama-gari yake dawowa da shi. A C#, abin da DocComment ke bayarwa yana naɗe cikin alamar doc, kuma idan za ka rubuta sabo, dole ka naɗe shi haka da XML mara aibu, in ba haka ba ya ƙi karɓa. Amfaninsa na gaske ke nan: yana rubutawa kai tsaye cikin fayil ɗin da ke buɗe. Amma a kan COM, fasahar Windows ta haɗa manhajoji, aka gina shi, sai Visual Studio na kunne, kuma idan kana kiransa daga waje alhali yana cikin wani aiki, zai kore ka da RPC_E_CALL_REJECTED, sai ka girka IOleMessageFilter don a sake gwada kiran. Ƙari a kan haka, da zarar an gyara kod, abubuwan da ka riƙe a hannu na iya zama tsoho, sai ka sake nemo su.

Roslyn ne zaɓina, ba tare da wata-wata ba. Microsoft ta buɗe kod ɗinsa a 2014, ya zo tare da Visual Studio 2015, kuma shi ne ainihin mai harhaɗa C#, don haka yadda yake ganin aji haka ajin yake. Ka sauke fakitin Microsoft.CodeAnalysis.Workspaces.MSBuild da Microsoft.CodeAnalysis.CSharp.Workspaces. Ka buɗe aikin da MSBuildWorkspace, ka kira GetCompilationAsync, ka nemo ajin da GetTypeByMetadataName, sannan GetDocumentationCommentXml. Zai ba ka XML cikin alamar member mai suna da ke farawa da T:. Ajin da aka rarraba cikin fayiloli da kalmar partial, guda ɗaya yake a wurinsa. Yana gudu a sabar da ba ta da Visual Studio kwata-kwata, har a Linux.

Roslyn yana da nasa tarkunan, gara ka san su tun yanzu. Aji mai nau'in musanya (generic) sai an rubuta sunansa da alamar adadi, kamar List`1, in ba haka ba null za ka samu. Idan DocumentationMode yana kan None, sharhin zai dawo fanko ba tare da ƙorafi ba, saboda haka ka tabbatar yana kan Parse ko Diagnose. Ajin da ya fito daga DLL (fayil ɗin kod da aka riga aka harhaɗa) na waje kuwa, sai ka haɗa masa XmlDocumentationProvider da fayil ɗin XML ɗinsa. Alamar inheritdoc, mai cewa a gaji sharhi daga ajin uwa, ita ma ba ya warware ta, kai ne za ka hau zuwa ajin uwa ka ɗauko. Kada kuma ka ƙi sauraron WorkspaceFailed, domin ta nan ake sanar da kai cewa wani aiki bai lodu daidai ba.

Fayil ɗin XML ya isa idan karatu kawai kake so: ka sa GenerateDocumentationFile ya zama true, ka shirya wa gargaɗin CS1591 da ke fitowa kan abin da ba a rubuta wa sharhi ba. Regex kuwa ka manta da shi, Attribute ɗaya tsakanin sharhi da aji ya isa ya ruɗa shi.

Yanzu ga inda ake cutar mutane. Duk fakiti ko ƙarin manhajar da ya ce zai ciro maka sharhi daga DLL kaɗai ta hanyar Reflection, wato bincika kod yayin da yake gudu, ba gaskiya yake faɗa ba. Ba a adana sharhi cikin DLL, tun wurin harhaɗawa ake barinsa. Abin da irin waɗannan ke yi shi ne leƙa fayil ɗin XML da ke gefensa a ɓoye, ranar da aka tura manhaja babu wannan fayil, komai ya koma fanko. Gwajin mai sauƙi ne: goge XML ɗin, ka sake gudanarwa. Haka nan ka duba sunan fakiti harafi bayan harafi a NuGet, rumbun fakitocin .NET, ka nemi alamar tabbatar da mai shi, domin fakiti na iya ɗauke da fayilolin MSBuild da ke gudu a kwamfutarka lokacin gini. Wanda ba ka ga kod ɗinsa a fili ba, kuma an daɗe ba a sabunta shi ba, kada ka ba shi damar rubutu a kan ayyukanka, musamman idan yana sake rubuta DocComment a ɗaruruwan fayiloli lokaci guda. Kafin ka saki kowane irin wannan kayan aiki, ka adana komai a Git, ka gwada shi a reshe na daban, ka karanta bambancin layi-layi kafin ka haɗe.