Na biya kuɗin cikakken faifan San Quentin, aka aiko mini da wanda aka yi wa ƙaho a baki

Saboda waƙa guda ɗaya na sayi wannan faifan na mawaƙin Amurka Johnny Cash, wato A Boy Named Sue, wadda na fara ji tun ina ƙarami a rikodar mahaifina, a tsakanin kaset-kaset ɗin Don Williams da Jim Reeves da ba ya yarda kowa ya taɓa masa. Mai kantin da na saya a wurinsa ta intanet ya rubuta ƙarara cewa bugun shekarar 2000 ne, mai waƙoƙi 18, wanda aka mayar masa da abubuwan da aka yanke. Na biya abin da ya nema ban yi tayi ba, na jira mako uku, sannan da saƙon ya iso na tarar da waƙoƙi 10 kacal a bayan kwalin, daidai da tsarin bugun farko na 1969, ga murfin ya tsage tun daga kusurwa har tsakiya.

Wanda bai san tarihin waƙar ba zai ce ina yin kuka ne a kan abin da bai kai ya kawo ba. Shel Silverstein ne ya rubuta ta, mutumin da aka fi sani da zanen barkwanci da littattafan yara, Cash kuma ya rera ta a gidan yarin San Quentin da ke jihar Kalifoniya ranar 24 ga Fabrairu, 1969, alhali bai haddace ta ba. Takardar baitocin tana gabansa yana leƙawa, Carl Perkins yana laluben kiɗan da jita, kamfanin talabijin na Granada daga Ingila yana ɗaukar hoto. Labarin na wani saurayi ne da ubansa ya gudu ya bari yana da shekara uku, bai bar masa komai ba sai tsohuwar jita da kwalbar giya da babu ko ɗigo a ciki, da kuma sunan mata, kamar dai a ce an raɗa wa ɗa namiji Kande. Ya tashi cikin tsokana da dambe, ya yi rantsuwar kashe uban, ya same shi a wata mashaya a garin Gatlinburg, suka gwabza a cikin taɓo, kafin tsohon ya bayyana masa cewa da gangan ya ba shi sunan domin duniya ta horar da shi tunda ba zai zauna ya rene shi ba. A nan ne tsohon ya kira kansa da wani zagi, aka rufe kalmar da ƙarar ƙaho a faifan farko don gidajen rediyo. Shekara da shekaru ina jin wannan ƙarar, abin da na biya kuɗi in rabu da shi ke nan, kuma ita ce ta sake tarbata a falona.

Na yi niyyar mayar da shi a ranar, amma da yake dare ya yi sai na sa shi tun daga farko, kuma a gaskiya raina ya sauya kafin ya ƙare. Kaset ɗin mahaifina ya riga ya gaji, ba a jin komai sai muryar Cash, amma a wannan faifan ana jin ɗakin gaba ɗaya. Ana jin yadda fursunoni suka fashe da dariya a lokacin da sunan ya fara fitowa, ana jin ihunsu a baitin faɗa, kuma ana jin dariya tana neman ƙwace wa Cash kansa, abin da ya tabbatar mini cewa shi ma baitocin sababbi ne a bakinsa. Tsarin 1969 yana da wata fa'ida da ban lura da ita ba sai a daren: waƙar barkwancin tana biye ne da waƙar San Quentin, wadda ya rera sau biyu a jere yana la'antar gidan yarin a gaban masu tsaronsa, don haka dariyar tana zuwa ne kamar ruwan sanyi bayan an sha yaji. Ban yi mamaki ba da waƙar ta kai lamba ta ɗaya a jerin waƙoƙin kantiri, ta kuma kai ta biyu a babban jerin Billboard, matsayin da wata waƙar Cash ba ta taɓa wucewa ba, har ta samo wa mawaƙin da marubucin lambar Grammy kowannensu. Matata da ke sauraro ta ce ai mu ma muna raɗa wa ɗan wabi Ajuji ko Bawa don mutuwa ta raina shi ta wuce, sai dai mu ba ma guduwa mu bar yaron. Na ga hujjarta ta fi ta tsohon ƙarfi.

Da safe na rubuta wa mai kantin cikin ladabi, na haɗa masa da hoton tallarsa da hoton bayan kwalin. Bayan kwana huɗu ya amsa da cewa ai duk Johnny Cash ne, kuma waƙar da nake so tana ciki. Wannan amsar ta fi tsagewar murfin ɓata mini rai, domin mutumin da ke sayar da tsofaffin faya-fayai ya kamata ya san cewa masu sayensu bambancin bugu suke biya, ba sunan mawaƙi ba. Ko 'yar takardar bayanin da ake sakawa a cikin kwalin babu, kuma da na tambaya sai ya ce haka ya zo masa. Ya yarda zai karɓa idan ni zan biya kuɗin mayarwa, wanda ya kusa rabin kuɗin faifan.

Faifan yana nan a wurina, kuma na sa shi ya fi sau goma a wannan makon. Ga mai kantin kuwa tauraro biyu na ba shi, ɗaya don kayan sun iso, ɗaya don faifan ba ya tsalle, kuma bugun 2000 ɗin zan sa ƙanina ya duba mini da idonsa kafin in sake tura ko sisi.