Mako uku a sabon ɗakin wasan kwaikwayo na wata kwaleji a Damagaram

Ni malamin makaranta ne a nan Damagaram, kuma na daɗe ina koya wa ɗalibai wasan kwaikwayo bayan an tashi daga aji. Bana wata kwaleji ta ba mu aron sabon ɗakin da ta gina don wasanni da kiɗe-kiɗe. Daga tsakiyar Mayu muka yi mako 3 muna gwaji a ciki, sannan muka yi wasa dare 2 a gaban jama'a. Ba zan kama sunan makarantar ba, sun yi mana halacci, ko dala ba su karɓa ba. Maganata a kan ginin take.

Daga waje kam ya yi kyau. An ɗora masa zankwaye a kusurwoyi, an yi zanen dagi a saman ƙofa irin na tsofaffin gidajen unguwar Birni, sai dai da siminti. Abin da ya fi burge ni shi ne mashigar. An yi ta kamar zaure: ka shiga ƙaramin ɗaki, ka karya kwana, sannan ka faɗa cikin babban ɗakin. Saboda haka mai zuwa a makare ba ya shigo da hasken waje, ƙarar kabu-kabu ma a zauren take tsayawa. Daɓen kuma hawa-hawa ne, kowane layin kujeru ya ɗara na gabansa tudu. Na zauna a layin ƙarshe, na sa wata ƴar aji ɗaya ta durƙusa a kan dandamali, ina ganinta har tafin ƙafa. Wanda ya taɓa kallon wasa a filin makaranta yana leƙe ta gefen ɗaurin kallabin wata hajiya ya san darajar wannan. Ƙofofin fita manya ne, kuma waje suke buɗewa.

Ranar farko na tsaya a tsakiya na tafa hannu sau ɗaya. Tafin ya daɗe yana kai da kawo tsakanin bango da bango kafin ya mutu. Nan gabana ya faɗi.

Bangayen biyu suna fuskantar juna ɗoɗar, an shafe su da siminti sumul, an bi da fentin mai. Ƙasa tayil, kujeru na roba, sama kwano tsirara. Ba abin da zai shanye murya, duk inda ta bugu sai ta dawo. Sauti yana tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa guda, kuma idan wanda ya bugi bango ya yi zagayen da ya zarce na kai-tsaye da kamar mita 17, kunne yana jin sa daban, kamar wani ne ke maimaita maganarka. Wannan ya fi cutar da mu Hausawa, don harshenmu da karin sauti da tsawon wasali yake rarrabe ma'ana. Garin zama da garin tuwo, jan wasali ɗaya ne tsakaninsu. Wata ɗalibata da ta fito a matsayin uwar miji ta saki habaicin da muka yi kwanaki muna gyarawa, yaron da na ajiye a baya ya ce, "Mushe, wallahi hayaniya kawai nake ji."

Kuma wasan Damagaram wasan baki ne. Abin da ya sa mutane suka riƙa kewaye rediyo da talabijin don ƴan wasa irin su Yazi Dogo shi ne zancen: karin magana, gatse, amsar da ɗan wasa ke ƙirƙirowa nan take. Garin da ya haifi André Salifou, wanda ya rubuta wasa a kan Sarki Tanimun, garin wasan kara da ake kwaikwayon sarakuna da mahukunta a cikinsa, ya cancanci ɗakin da za a yi raɗa a kan dandamali na baya ya ji. An ba mu lasifika biyu manya, amma ƙara murya a irin wannan ɗaki ƙara amsa-kuwwa ne.

Maganin ba sabo ba ne. A 1895 jami'ar Harvard ta Amurka ta ɗora wa wani matashin malamin kimiyya, Wallace Sabine, gyaran wani ɗakin lacca da ba a jin magana a cikinsa. Da dare yake kwaso matasan kujeru daga wani ɗakin wasa, yana auna daƙiƙun da sauti ke yi kafin ya ɓace, har ya gano cewa abin ya rataya ne a kan girman ɗaki da yawan kaya masu taushi a cikinsa. Ɗakin magana yana son sautin ya mutu cikin kamar daƙiƙa 1. Mu ma hanyarsa muka bi. Kowane yaro ya zo da tabarmar kaba ko bargo daga gida, muka rataye su a bangon baya da gefe ɗaya, muka shimfiɗa darduma a hanyar tsakiya. Na sake tafawa, sai na ji tafin ya faɗi kusa. Daren wasa da ɗakin ya cika da manyan riguna da lulluɓi, abin ya ƙara sauƙi, don tufafin mutane ma suna shan sauti.

Zafi kuwa tabarma ba ta maganinsa. Tagogin gilashi ne a like, ba sa buɗuwa, an yi su ne da zaton na'urar sanyaya ɗaki za ta wuni tana aiki. A Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, in aka ɗauke wuta kwanon nan sai ya mai da ɗakin tanda. Injin wutar kuma a jikin bangon dandamali aka girke shi, in ya tashi sai ƴan wasa sun yi ihu. Abin ya yi mini ciwo, domin tafiya kaɗan ce daga nan zuwa Birni, inda soraye masu kaurin bango na tubali da rufin ɗaurin guga suke da sanyi da tsakar rana. An ɗauko adonsu an bar hikimarsu. In ma an ce wannan ginin da ne, ai mai zanen gine-gine Francis Kéré ya gina makarantar Gando a Burkina Faso a 2001 da bulon ƙasa, ya ɗaga kwano sama da rufin ciki don iska ta ratsa tsakani, kuma a 2022 ya karɓi kyautar Pritzker, babbar kyautar masu zanen gine-gine. A ƙasarmu ma Mariam Kamara da abokiyar aikinta sun yi sabon masallacin ƙauyen Dandaji da bulon ƙasa matsattse.

Bayan dandamali ɗaki ɗaya ne tak, ƙarami. Ƴan mata 6 gare ni a cikin wasan, kuma sai da na je gida-gida na roƙi iyayensu kafin a bar su. Dole muka ɗaura igiya muka rataya zannuwa don su sami wurin sauya kaya, matata ta zauna tana gadin wurin. Babu famfo, babu inda za a ajiye randa. Ƙofar baya kuma ƙunci gare ta, zanar da muka yi katangar gida da ita sai ta gaba aka shigo da ita.

Dare na biyu hadarin farko na Yuni ya taso. Muna tsakiyar wasa ruwa ya sauka a kan kwano, ko ganga ba a ji, balle magana. Muka dakata, jama'a suka zauna shiru ba wanda ya tashi. Maigadin makarantar, wani dattijo, ya matso kusa da ni ya ce, "Ɗana, ka yi haƙuri, yanzu zai tsagaita." Na ce, "To Baba, Allah ya sa." Bayan kamar minti 20 ya tsagaita, uwar miji ta koma kan tabarmarta ta ɗauko zance daga inda ta tsaya.

Wanda zai yi rawa ko nunin fim a wannan ɗaki, musamman da hunturu, zai ji daɗinsa. Mai wasan magana ya tanadi tabarmi, ya kuma guji Afrilu da Mayu. Da na je yi wa darakta godiya na roƙe shi abu uku: a sa rufin ciki ƙarƙashin kwanon, a fasa tagogi masu buɗuwa can sama kusa da rufi, a raba ɗakin baya gida biyu. Ya rubuta su a takarda. Tabarmin bangon baya kuwa mun bar musu guda 4 a rataye.