Maɓoyar nukiliya ta Kelvedon Hatch: ta biya kuɗin mota, amma ku je da tafinta

Tunda muka dawo Kaduna 'yan ƙungiyarmu da ba su samu tafiya Ingila ba suke damuna da tambaya kan maɓoyar nan da muka ziyarta, to ga bayani. Wurin yana yankin Essex, kusa da Brentwood. Abin dariya, alluna ne jere a bakin titi suna nuna hanyar "maɓoyar sirri".

Daga waje ɗan gida za ka gani cikin itatuwa, ba ka ce komai ba. Kana shiga sai doguwar hanya ta kusan mita 90, da ƙofofin ƙarfe masu nauyin tsiya, sannan hawa uku a binne. An gina maɓoyar a 1952 zuwa 1953 don sojan sama, daga baya ta koma inda jami'an gwamnati za su fake su ci gaba da mulki idan Tarayyar Sobiyet ta jefo bam. A 1992 gwamnati ta daina amfani da ita.

Abin da ya burge ni, ba su yi wa wurin kwalliya ba. Ga tsofaffin wayoyin tarho, ga ɗakin watsa shirye-shiryen BBC, ga gadajen ƙarfe masu hawa biyu da za a riƙa kwana a kai bi-da-bi. A ɗakin jinya ma har akwatin gawa na kwali muka gani. Mutum 600 kacal aka yi wa tanadin abinci da ruwa na wata uku, ba su kai kusurwa ɗaya ta masallacin Sultan Bello ranar Juma'a ba. Wani dattijo a cikinmu, tsohon soja, ya daɗe yana kallon gadajen nan, sannan ya ce, "Malam, to talakawa fa?" Na ce, "Baba, an ce su zauna a gida su toshe tagogi." Ya yi tsaki.

Bayanin duk da Turanci yake, ta wata na'ura da za ka kara a kunne, don haka ni na zama tafintan iyayenmu mata har muryata ta dushe. Sannan direban da muka yi shata ya matsa mana lamba, hawan sama a guje muka bi shi. Ku ware awa biyu cur, ku riƙi rigar sanyi, mai ciwon gwiwa kuma ya san akwai matakala.